Nonon da Na Zuba a Gulbi

Na san abin da kuka ji, domin ni ma labarin ya zagayo ya same ni, an sa masa gishiri da yaji har na kusa kasa gane kaina a ciki. An ce muku uwarku da tsufanta ta shiga sojan ruwa, ta sa wando, ta ɗebi nonon shanun dangi ta tuttular a gulbi don ta burge wani mai busa usur. Bello, kai ka jiyo wannan a wurin suna a Dodoru, ka dawo ka yi kwana uku kana gaishe ni kana kallon bango. Asma'u kuwa ba ta tambaya ba, halin ubanta ta ɗauko, sai dai duk ranar da aka ambaci Goggo ta dube ni ta wutsiyar ido. To ku saurara. Ban sa wando ba, ban shiga soja ba. Nono kam na zuba, da hannuna, da rana, ina cikin hankalina. Abin da ba a gaya muku ba shi ne dalili, kuma gara ku ji shi daga bakina tun ina iya riƙe biro.

Kun san Goggo tana tsohuwa mai sanda, ni na san ta tana tafiya da ƙwarya uku a ka ba ta riƙe ko ɗaya ba. Yayar babana ce, ita ta ɗauke ni ranar da aka binne uwata, ina goye. A rugarmu ta bayan Dodoru ba a wasa da nono. In ɗigo ɗaya ya faɗi ƙasa wajen tatsa, Goggo za ta ajiye abin da take yi, ta ɗebo ruwa ta zuba a wurin har farin ya ɓace, don kada ƙafar wani ta taka. Na taɓa shan mari a kan ludayi ɗaya da na kifar, ina 'yar shekara shida, kuma bayan marin ita ce ta yi kuka. Baƙo in ya sauka, kafin a tambaye shi gajiya an miƙa masa ƙoƙo. Ni kuwa ko bayan na zama malamar firamare a Gwandu, na yi aure, na haife ku, in na je gida ba ta yarda wata yarinya ta kawo mini. Da kanta take tashi, ta kwashe saman nan mai maiƙo ta zuba mini, ta tsaya a kaina har in shanye. Kumbo take kirana, ba ta taɓa cewa Malama ba.

Shekarar da na ajiye aiki, babanku ya ce mu koma Kalgo kusa da gonar shinkafarsa. Na yi shekara talatin da wani abu ina ihu a gaban allo, sai ga ni a tsakar gida ni da kaji. Zaman ya ishe ni, na fara fita da sassafe ina bin hanyar fadama. Ni 'yar tudu ce, ruwan da na sani shi ne na rijiya da na tulu. A Kalgo na ga damina ta shafe ƙasa, inda aka bi da ƙafa watan jiya ya zama sararin ruwa har iyakar gani, itatuwa tsaye a ciki zuwa ƙugu, bado ya buɗe, balbelu suna tashi ƙasa-ƙasa ba sauti. Da safe wani farin tururi kan kwanta a kai, kwale-kwale ya fito daga ciki a hankali, ka fara ganin kawunan mutane kafin ka ga jirgin. Nakan zauna a gindin wata ɗinya in yi ta kallo har rana ta ɗaga. Tsoron ruwan nake ji, amma na kasa daina zuwa, har a barcin rana nakan ga ina tafiya a kansa da takalmina.

A nan na fara ganinsu ranar wata Asabar. Samari wajen ashirin, farar riga da shuɗin wando, wasu ba takalmi, suna fareti a kan yashi, wani gajeren dattijo mai furfura yana busa musu usur. Bayan fareti su zauna suna koyon ƙulle-ƙullen igiya, sannan su shiga jirage biyu suna tuƙi da filafili, ɗaya ya faɗa ruwa da gangan sauran su jefa masa igiya su jawo shi. Dattijon mutumin Zuru ne, ya yi aikin sojan ruwa a kudu har ya yi ritaya, ya zo Kalgo ya zauna saboda matarsa tana aikin jinya a nan. Sunansa Danladi, amma kowa Kyaftin yake ce masa, shi kuma yakan rantse bai taɓa kai wannan muƙami ba. Ba mai biyansa, ba ya karɓar komai a hannun yaran. Asabar ta uku ya zo ya tsaya nesa kaɗan da ni, ya cire hula.

"Malama, sannu da hutawa. An ce mini ke ce kika koyar da rabin mutanen Gwandu karatu."

"Rabin da sunka ji magana," na ce. "Sauran suna nan suna yawo."

Ya yi dariya, sannan ya nuna mini mashigi, inda jirgin kasuwa ke sauke mutane.

"Dubi waɗanda ke cikin jirgin can. Mata ne da 'yan mata, kullum. Ni kuma maza nake koya wa iyo, waɗanda yawancinsu a babur suke yawo. Ina da 'ya, Rifkatu, ta fi ni iya ruwa. Amma ba uban da zai ba ni 'yarsa sai da babbar mace a wurin, wadda aka sani."

"Ni ban iya ruwa ba."

"Ba iyo nake nema ba. Zama nake nema."

Zama kuwa na iya shi, don haka na karɓa. Na bi rugage na ƙetaren fadama, wajen Wurogauri, inda wasu danginmu suka kawo shanu suka yi sansani, na sha nono a kowace ƙofa, na yi alkawari uku. Ba namijin da zai matso, ba yarinyar da za ta cire ko ɗankwali, kuma idona ba zai bar kansu ba. Na samu 'yan mata tara, duk masu tallan nono da ke ƙetarowa Kalgo a jirgi. A cikinsu akwai Dije, jikar Goggo, 'yar shekara goma sha huɗu, siririya mai bakin tsiya, wadda Goggo ke ji da ita fiye da idonta. Muka samu wani lungun ruwa bayan ciyayi masu tsawo, zurfinsa zuwa ƙirji. Kyaftin yakan tsaya can bayan ciyayin ya juya baya, yana busa usur yana tambaya da ƙarfi ko an yi daidai. Rifkatu tana cikin ruwa da su, ni ina kan tabarma. Lokacin da ya dace da su shi ne bayan la'asar, in sun sayar da nono sun wanke ƙorensu, kafin jirgin komawa.

Iyo da zane da hijabi ba abin wasa ba ne. Tufafi sukan sha ruwa su naɗe ƙafa, yarinya ta yi taku biyar ta gaji. Ƙungiyar Kyaftin tana da rigunan nan masu ruwan lemo da ke hana nutsewa, guda huɗu tak, kuma Kyaftin ya faɗi gaskiya cewa ranar da jirgi zai kife ba ko ɗaya a jikinsu. Wata la'asar ina zaune a bakin ruwa, ƙoren yaran suna jere a gefena suna shan iska, sai na ɗauki ɗaya na kifa ta a kan ruwa ina bugawa da ludayi, irin kiɗan da mata ke yi a biki. Sautin ya yi zurfi, yana tafiya cikin ruwan har ina jinsa a tafin ƙafata. Na danna ta ƙasa don in canza amon, ta ƙi nutsewa. Na sa hannu biyu, na ɗora nauyina, ta ture ni ta dawo sama. Na kira Rifkatu na ce ta rungume ta a ƙirji ta ɗaga ƙafafunta. Ta yi, ta tsaya a kan ruwa tana lilo. Kyaftin da ya ji ihunmu ya manta da alkawari ya kusa juyowa, sai da na daka masa tsawa.

Daga nan aikin ya zama namu. Ƙwarya in an kife ta daidai takan riƙe iska a cikinta, in ta karkata iskar ta fice ta zama banza. Saboda haka abin da ake koyo shi ne saurin hannu. Usur ɗaya, ki sauke daga ka, ki kife, ki danna bakinta cikin ruwa a miƙe, ki kwanta a kai ki rungume. Yaran suka ƙware har suna gasa, Dije ta fi kowa, kafin usur ya gama fita ta riga ta kwanta tana yi wa sauran gwalo. Ni ma ba su bar ni ba. Suka ja ni da zanena da komai, na rungumi ƙwarya ina salati, Rifkatu ta ce in saki ƙasa. Na saki. 'Ya'yana, na haura sittin a duniya ban san akwai irin wannan ba. Nauyin jikina ya tafi, ciwon gwiwar nan da kuka sani ya yi shiru, kunnena ɗaya yana manne da ƙwarya ina jin ruwa yana magana a cikinta ƙasa-ƙasa. Na ga gajimare a ƙarƙashina, na ga bado daidai da idona, wata 'yar tsuntsuwa tana tafiya a kan ganye ba ta damu da ni ba. Ban san tsawon lokacin da na yi ba, sai da yaran suka ce jirginsu zai tashi. Watannin nan biyu su ne mafi daɗi da na yi tun bayan ƙuruciyata, kuma na ɗauka mun gama aiki.

Wata safiya ina gindin ɗinya jirgin kasuwa ya iso, cike har ruwa na lasar bakinsa. Wajen sauka aka yi turereniya, jirgin ya karkata, Dije ta zame ta faɗa ta gefen da ke da zurfi. Ina kallo ta nutse har kanta ya ɓace. Abin da ya rage a sama hannayenta biyu ne a miƙe, riƙe da ƙwarya cike da nono, faifai a rufe, ko ɗigo bai fita ba. Matuƙin ya karɓi ƙwaryar tukuna, sannan wani ya cafko ta a wuyan hijabi. Ta fito tana tari tana aman ruwa, mata suna tafa mata.

"Ɗiyar gida ta! Ko ɗigo ba ta zubar ba!"

Ni kuwa ban tafa ba. Wannan ita ce yarinyar da ta fi kowa saurin kifewa. Sai a lokacin na gane wautar da muka yi wata biyu muna yi. Kullum bayan kasuwa muke koyo, da ƙore wankakku, alhali jirgi da safe yake cika, lokacin da kowace ƙwarya ke ɗauke da nono. Kyaftin ba zai san wannan ba, Rifkatu ba za ta sani ba. Ni ya kamata in sani, domin na tashi da labarin Adda Hajjo a kunnena. Yayar Goggo ce, ta rasu tun ba a haife ni ba, jirgi ya kife da su suna ƙetare wani gulbi da damina. Masunta suka ga hannaye a sama da ƙwarya, suka karɓa, kafin su juyo ruwa ya tafi da ita. Nonon ya kai gaɓa, ita ba ta kai ba. A gidanmu ba da baƙin ciki ake ba da labarin nan ba, da alfahari ake ba da shi, ana nuna wa 'yan mata irin macen da ake so su zama.

Na fara da dabara. Na jiƙa garin 'ya'yan kuka ya yi fari, na cika ƙorai. Suka sunsuna, suka fashe da dariya, usur na tashi suka watsar ba ko waiwaye. Hancin 'yar Fulani ba a ruɗinsa da kuka. Na koma gida na samu babanku yana gyaran buhuna a zaure, na gaya masa abin da nake shirin yi. Ya ajiye buhun da ke hannunsa.

"In don ceton rai na, ban ga laihi ba wajen Allah," ya ce. "Amma ba ni za ki ba amsa ba. Kin san wadda za ta ji."

"Sau ɗai ɗai na. Kowace ɗiya sau guda, hannunta shi san hanya."

"Ke kin san Goggo ba ta ƙidaya nono da sau."

Ina da saniya a garken danginmu na ƙetare, jikar karsanar da Goggo ta ba ni ranar aurena. Na aika aka tara mini nononta, aka kawo ranar Asabar a ƙwarya guda, cike, da kaurinsa na kindirmo da ƙamshinsa. Muka shiga ruwa zuwa ƙirji. Na ɗora wa Dije a ka, na ce wa Kyaftin ya busa. Ya busa. Dije ta kai hannu, ta sauke ƙwaryar zuwa goshinta, ta tsaya. Ya sake busawa. Idonta ya ciko.

"Inna Kumbo, ba ni iyawa. Wallahi hannuna na ya ƙi."

Na bi su ɗaya bayan ɗaya, su tara, ba wadda ta iya. Wata ma da usur ya tashi sama ta ƙara ɗaga ta. Kyaftin daga bayan ciyayi yana tambaya me ya faru. Na karɓi ƙwaryar na ɗora a kaina. Ina gaya muku gaskiya, na ji marin nan na shekara shida a kumatuna sabo fil. Na ce a raina, Goggo ki yafe mini, na ce da ƙarfi a busa. Aka busa, na kife.

Ban taɓa ganin abu mai kyau da ban tsoro irin wannan ba. Nonon bai gauraya nan da nan ba. Ya sauka dunƙule, ya buɗe a hankali a ƙarƙashin ruwa, ya kewaye ni fari fat har na daina ganin zanena. Ina kwance a kan ƙwarya ina lilo a tsakiyarsa, ƙananan kifaye suka taso daga ko'ina suna tsattsagawa. Sannan ruwa ya fara jansa, ya yi dogon zare yana ratsa bado, yana sirancewa, har ya shige ciyayi. Ƙamshinsa ya daɗe a wurin bayan farin ya tafi. Da na miƙe na ga Dije tana kuka, ni ma ashe kukan nake yi.

"Kun gani?" na ce musu. "Sama ba ta faɗo ba. Saniya tana nan, gobe a tatsa. Ke in kin tahi, wa za a tatso ki gare shi?"

Asabar ta gaba Dije ta zuba, idonta a rufe. Muka bi su a hankali, mako-mako, har tara suka cika, kowace sau ɗaya, duk daga saniyata. Abin da ban sani ba shi ne, tun ranar farko wani mai wucewa a kan gaɓa ya ɗauke ni a waya. Hoton ya yi yawo daga hannu zuwa hannu, ya riga ni isa Dodoru. Na bar makonni suna wucewa ina cewa sai hanya ta bushe, alhali tsoro ne. Da na gaji da yi wa kaina ƙarya na hau mota zuwa Gwandu, na hau babur zuwa ruga.

Na samu Goggo a ƙofar bukkarta tana kaɗa nono da maburgi. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa lafiya lau, ta tambayi babanku, ta tambaye ku ɗaya bayan ɗaya da sunayenku. Sannan ta kira wata yarinya ta ce a kawo wa baƙuwa ruwa. Aka kawo mini ruwan rijiya a kofin roba. Nono yana gabanta, ƙoƙona da na sani yana kife a kan faifai. Na riƙe kofin na kasa sha.

"Goggo, ki bari in hwaɗa miki yadda abin yat tahi."

"Na gani da idona, cikin wayar yara. Mi za ki ƙara?"

Na ba ta labarin duka, na jirgi, na hannun Dije a sama, na yadda kanta ya ɓace. Ta saurara ba ta daina kaɗawa ba. Da na gama ta ajiye maburgi.

"Dije ta yi abin da anka haihe ta ta yi. Awa Adda Hajjo."

"Shi na abin da nika tsoro, Goggo."

"To ke nan Adda wauta tay yi? Shekara tamanin muna hwaɗin sunanta da girma, ke kin yi boko kin gano mutuwar banza tay yi?"

A nan ya kamata in yi shiru. Ku da kuka san bakina kun san ban yi ba. Wannan shi ne abin da nake so ku riƙe, domin masu ba ku labari sun ɗora komai a kan nono, alhali harshena ya fi nonon ɓarna.

"Da ta zubar, da kin tsufa da 'yar'uwarki kusa gare ki," na ce. "Wa yash sha nonon nan da tac ceto? Ko kun tuna?"

Fuskarta ba ta motsa ba, amma na ga hannunta ya kama gefen tabarma. Ashe ita ce aka ba nonon ta sha, tana ƙarama, ranar da aka kawo ƙwaryar gida ba mai ita. Wannan daga baya na ji shi a bakin wata tsohuwa. Da na sani da na haɗiye harshena. Ta daɗe tana kallon garke, sannan ta yi magana a hankali.

"Kumbo, ni na goya ki, ba ni tsine miki. Ki zaka gidan ga duk sa'ad da kinka so. Amma hannun da yaz zuba nono ga gulbi ba shi taɓa ƙwaryata, bakinki kuma ba shi shan abin da nit tatsa. Ko ina raye ko na mutu."

Shekara huɗu ta yi bayan wannan. Ban daina zuwa ba, ita ma ba ta daina karɓata ba. Mukan yi hira, ta yi mini tsiyar ƙiba, in yanke mata farce, in shafa mata man zafi a baya. Kowane zuwa kofin roba. Na ba ta haƙuri a kan maganar Adda Hajjo ya fi sau goma, takan ce ta yafe, kuma na yarda ta yafe, amma ƙoƙon bai tashi daga kan faifai ba. Na ga an miƙa wa mai tallan gishiri nono a gabana, an miƙa wa mai babur ɗin da ya kawo ni. Ya yi mini ciwo fiye da yadda zan iya rubutawa. Abu ɗaya na lura da shi ban taɓa furtawa ba. Kalma guda daga bakin Goggo ta isa ta hana Dije zuwa gulbi, ta hana duk 'yan matan dangi. Ba ta faɗe ta ba. Dije ta ci gaba da zuwa har ta zama ita ke koyar da ƙanana tare da Rifkatu, ƙannenta ma suka biyo ta.

Zan so in ce muku wata rana jirgi ya kife, yarana suka tsira a kan ƙore, aka zo aka ba ni gaskiya. Ba a yi haka ba, kuma ina roƙon Allah kada a yi. Har yau ban san ko abin da na koya musu zai tashi a hannunsu ranar da ake buƙata ba. Na sayar da abin da nake da shi a hannu don abin da ban gani ba, kuma in aka mayar da ni bakin ruwan nan zan sake cewa a busa. Maganar da na yi wa Goggo ce kawai zan janye.

Ta rasu da kaka, bayan an shigar da gero. Na yi zaman makoki a Dodoru har bakwai, na dawo Kalgo. Mata suka raba kayan ɗakinta ba ni nan, ban kuma sa rai da komai ba. Asabar ta biyu ina kan tabarmata a lungunmu, yara ƙanana suna cikin ruwa, sai ga Dije ta sauko daga jirgi ɗauke da masaki a ka. Babban masakin Goggo ne na ranar suna da biki, wanda mutum biyu ke kamawa in ya cika, bakinsa ya yi baƙi don tsufa, da ɗinki a gefe guda. Ta zo gabana ta durƙusa ba ta sauke ba.

"Inna Kumbo, saƙo na. Kwana biyu kahin ta cika ta kira ni, tac ce in gwada mata yadda muka yi. Na ɗauki ƙwarya na kihe bisa tabarma, na kwanta kai. Tac ce in sake, na sake. Sannan tac ce wanga shi ya hi girma, shi ka ɗaukar ɗiya ukku. A kai ma yaran gulbi."

Na miƙe ban san na miƙe ba, na kai hannu biyu zan taya ta saukewa. Dije ta ja da baya, hawaye na zubo mata.

"Ki yi haƙuri, Inna. Tac ce ban da ke."

Na mayar da hannuna. Rifkatu ce ta fito daga ruwa ta kama mata suka sauke. Suka kife shi a kan ruwa, ƙananan yara uku suka rungume shi, suka saki ƙasa, ya ɗauke su duka suna ƙyalƙyata dariya. Na koma na zauna ina kallo, hannayena a cinya.

Yana nan rataye a ɗakin da ƙungiya ke ajiye igiyoyi da filafilai, kuma makullin ɗakin a hannuna yake. Kowace Asabar ni ke buɗe ƙofa, in kira yara biyu su sauko da shi, in matsa gefe in ba su hanya.